Kukan da Na Yi a Makokin Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun surukina a Kalfu ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai gumi ya karyo mini, ko da sanyin asuba ne. Ni malamin makaranta ne a Tawa, da furfurata a gemu, duk inda na gilma "Mushe, Mushe" ake ce mini, wato "Malam" da Faransanci. Ku riƙe wannan da kyau don ku san daga inda na faɗo.

Abin ya samo asali tun muna yara. Gida ɗaya ne ke da tele a unguwarmu, kuma da la'asar akan nuna wani desan anime, wato fim ɗin zanen nan na yara. Faransancinmu bai kai ya kawo ba a lokacin, sai muka raɗa wa mutanen ciki sunayen da muka ga dama. Akwai Ɗan Jar Hula, yaron da wani mugun matsafi ya mayar da mutanen garinsu duwatsu, har da uwarsa. Akwai kuma Baba Laka, wani ƙato da aka gina da yumɓu, shi ke raka yaron neman magani. Abin da ke kashe mu shi ne, duk sanda suka shiga uku, sai ƙaton nan ya ɓalli wani yanki na jikinsa ya toshe ɓaraka ko ya yi wa yaron gada. Yau yatsa, gobe kafaɗa, kullum yana raguwa. Mu kuwa muna zube a ƙasa muna ihu, "Kar ka ɓalla! Kar ka ɓalla!" sai ka ce yana jin mu.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe aka ɗauke wuta. Muka yi ta zama a tsakar gidan mutane har matar gidan ta gaji ta kore mu da tsintsiya. Na girma, na yi karatu, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban san ƙarshen Baba Laka ba.

Kwatsam, shekarun baya kaɗan, wata tasha ta dawo da shi tun daga farko. Ranar da na dawo daga aiki na jiyo waƙar buɗewarsa tun daga zaure, wallahi da sauri na ƙarasa ciki. Yarana sun baje a salo, wato falo, baki buɗe, daidai yadda muke yi a da. Na so in tuɓe takalmi in zube a cikinsu, amma ina! A daidai lokacin ne aka kawo surukina, Malam Idi, daga Kalfu don jinya, shi da matarsa da muke kira Inna, kuma a salon aka shimfiɗa masa katifa don nan ne fanka take.

Kun dai san tsakanin mutum da uban matarsa. Tun da na auri Zuwaira ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In tsuguna daga bakin ƙofa, "Baba, ya jikin?" ya ce "Da sauƙi," in sulale. Ga shi kuma gidansu gidan malamai da manoma ne, tun farko kallon ɗan boko marar nauyi suke mini. Yayan matata, Yaya Sahabi, ya taɓa faɗa a bayan idona cewa mutumin da ke wuni yana wa yara waƙa a aji ba zai riƙe gida ba (maganar ta dawo mini kuwa, har da yadda ya taɓe baki). Shekara da shekaru ina tara nauyin nan kaɗan-kaɗan: ba na dariya da ƙarfi a Kalfu, ba na sa wando da shat, ko tafiyata sai na rage mata sauri. Sai yanzu in zauna gaban Baba ina kallon zanen yara? Allah ya kiyaye.

Sai na samo dabara. Akwai labule tsakanin salo da lungun da ke kaiwa ɗakuna. Da an fara sai in ɗauki littattafan ɗalibai kamar mai gyara, in laɓe a bayan labulen, in sa ido ɗaya ta gefe. Baba yana kwance, ido a rufe, carbi a hannu. Wani lokaci ya ce wa yaran, "Kai, ku rage wanga shirme." In sun tashi za su kashe kuma sai ya ce, "Ni ban ce ku kashe ba." Ni dai godiya nake wa Allah da tsohon ke yawan barci da la'asar.

Jikin ya ƙi daɗi, aka kwantar da shi a asibiti, kuma a makon da za a nuna kashi na ƙarshe Allah ya karɓi abinsa. Muka ɗauki gawa zuwa Kalfu. Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku tofa mini yawu: muna cikin mota, Zuwaira na kuka a gefena, sai wani tunani ya gilma mini cewa ga shi kuma karo na biyu na rasa ƙarshen nan. Na yi ta istigfari har muka isa.

A wurin makoki na yi duk abin da ake so suruki ya yi. Na shiga kabari na karɓi gawa, na kawo sukari da shayi, na tari baƙi. Amma hawaye ko ɗigo. Ba don ban damu ba, a'a, sai dai mutumin da ban taɓa yi wa magana ta wuce gaisuwa ba, ban ma san ta inda zan fara kewarsa ba.

Ranar uku aka yi addu'a da safe, aka raba sadaka. Bayan azahar mutane suka ragu, sauran suna gyangyaɗi a kan tabarmi ƙarƙashin rumfar zana. Ni ina can ƙarshen tabarma, na jingina da bango. To, a nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Tun daren jiya na riga na nemo kashin ƙarshen na sauke a salula, da niyyar sai an share makoki. Ya ce mini, wa zai gani? Ga rawani ka naɗa saboda rana, ga babbar riga mai faɗin hannu. Na zura wayar sauraro ta cikin riga, na toshe kunnuwa a ƙarƙashin rawanin, na tura salular cikin hannun riga, na sunkuyar da kai kamar mai zikiri. Na ce minti kaɗan kawai zan leƙa (ƙaryar da kowane mai laifi ke fara yi wa kansa).

Ashe Baba Laka ya ƙare, saura ɗan dunƙule da yaron ke ɗauke da shi a tafin hannu. Sun iso garin, maganin yana cikin wani tulu, tulun kuma ya tsage yana yoyo. Ɗan dunƙulen ya dubi yaron ya yi murmushi, ya mirgina ya liƙe tsagar da abin da ya rage na jikinsa. Mutanen gari suka farfaɗo, uwar ta rungume ɗanta, shi kuwa yaron yana ta duba tafin hannunsa, babu komai sai ɗan jan ƙasa.

Jama'a, ban san sanda abin ya ƙwace mini ba. Da kunnuwana a toshe, ban ji irin ƙarar da nake yi ba. Ashe ba hawaye kawai nake ba, gunji nake, kafaɗu na rawa, majina na zuba a gemu. Sai ji na yi an dafa ni. Na ɗago, ga Yaya Sahabi tsaye a kaina, idanunsa sun yi ja, duk mutanen rumfa sun farka suna kallona. Na yi wuf na zame abin kunne ɗaya a ƙarƙashin rawani.

"Mushe, yi haƙuri," in ji shi. "Wallahi ban san haka kake son Baba ba. Ka yahe mini, na daɗe ina yi maka wani kallo."

Liman ya gyara zama ya ce wa jama'a, "Ku dubi suruki na ƙwarai. Ɗiyan cikinai sun yi haƙuri, shi ya kasa." Aka yi ta "Allah sarki, Allah shi yi albarka." Abin da na shekara ina nema a gidan nan, ga shi an miƙo mini a gaban kowa. Kuma maimakon in ji kunya, don Allah ku ji lalacewa, har wani daɗi na fara ji.

Yaya Sahabi ya ce in tashi in wanke fuska. Ya kama hannuna ya ja, ni kuma na manta abin da ke cikin hannun rigar. Waya ta fizge, salula ta sulluɓo ta faɗi a tsakiyar tabarma. Da farko ta yi shiru, na ce Allah ya rufa mini asiri. Sai bawan Allahn nan, don kirki, ya duƙa ya ɗauko mini, babban yatsansa ya sauka a kan gilashin.

Waƙar rufewa ta tashi da iyakar ƙarfinta. Muryoyin yara, da Faransanci, da 'yan ƙararrawa, "la la la", a tsakiyar makokin malami. Ga Ɗan Jar Hula yana tsalle a hannun Yaya Sahabi.

Liman ya leƙo ya ce, "Mi ne ne wanga?" Wani daga baya ya amsa a hankali, "Abin yara na, Malam." Yaya Sahabi ya dubi salula, ya dubi jiƙaƙƙen gemuna, ya sake duban salula.

"Wanga ka sa ka kuka?" ya ce. "Ga makokin ubana?"

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ajiye mini ita a kan tabarma kamar wanda ya taɓa ƙazanta, ya koma wurinsa ya zauna. Ni kuwa na rasa maɓallin kashewa, waƙar ta yi ta yi har ta kai ƙarshe don kanta. Na so ƙasar Kalfu ta tsage in shige.

Kafin la'asar labari ya shiga cikin gida. Zuwaira ta wuce ni a zaure ko kallona ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ubanta ne. Can sai aka ce Inna na kirana. Na ce shi ke nan, yau aurena ma sai Allah. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a ƙofar ɗakin da take takaba, labule a tsakaninmu.

Bayan gaisuwa sai ta ce, "Mushe, an ce kai ka ga ƙarshen abin ga."

"Inna, ki yafe mini, wallahi..."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ƙaton ga na laka, ya kai yaron gida?"

Na zaci kunnena ne. Ta ce, "Malam shina kallo ai. Ba kwana yake ba, lumshe ido yake. Da dare sai shi ce mini, yau an ɓalle mai kahwaɗa, bawan Allah. Kuma ya san kana nan. Ya ce mijin Zuwaira na bayan labule, ina ganin ƙahwahunai, in na buɗe ido kunya za ta kore shi." Ta ja numfashi. "Can asibiti ya ce in tambaye ka in an nuna na ƙarshe, kai ka san labarin tun hwarko. Ni kuma na ji nauyinka, na ce sai ya samu sauƙi shi tambaye ka da kainai."

Ina tsugune a wurin na ba ta labarin tulun da ɗan dunƙulen. Da na gama ta ce, "To, alhamdu lillahi, ya kai shi gida. Tashi ka tahi." Ban iya tashi ba. Kukan da na kasa yi wa Baba kwana uku, a nan ya zo, kuma wannan karon babu ko mutum ɗaya da ya yaba mini. Wata da watanni muna gida ɗaya da tsohon nan, abu ɗaya muke jira kowace la'asar, taku kaɗan ne tsakaninmu, ni ina ɓoye masa, shi yana rufa mini asiri. Da sau ɗaya na ɗaga labulen na zauna, da na san shi.

Zuwaira ta huce bayan Inna ta yi mata magana, ko da yake ta ɗau lokaci. Nauyin da na tara a Kalfu kuwa ya tafi, bai dawo ba. Har gobe in na je, Yaya Sahabi yakan tambaye ni a gaban mutane ko na zo da abin kukana, ni kuma in yi yaƙe.

Abin da na koya bai da yawa. Ba na shiga makoki da wayar sauraro, ko a aljihu. Kuma tashar ta sake dawo da Baba Laka daga farko, yanzu da ƙaramar ɗiyata muke kallo, ina zaune a ƙasa a tsakiyar salo, kowa ya shigo ya gan ni. Labulen nan na sa an cire shi. Da ma ashe bai taɓa kaiwa ƙasa ba.