Ranar da Na Zagi Arɗo a Jikin Bango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zagi Arɗo da manyan baƙaƙe, a jikin bango, gaban baƙi daga Yamai. Ko ban so tunawa ba, Fulanin Dogon Dutsi suna nan da ransu, za su tuna mini.

Ni ne na gina wa ƙungiyar makiyaya shafinsu na intanet, inda ake sa cigiyar dabbar da ta ɓata, hotonta da alamarta. Tun daga nan kaina ya kumbura. Na sayi tabarau (idona lafiya lau), na ce a riƙa kirana Injiniya. Shugaban ƙungiyar, Arɗo, Bafillace ne, ni kuwa Ba'are, ɗan asalin garin, kun san mu da Fulani taubasai muke, kullum cikin tsokanar juna. Lokacin da nake gina shafin a ordinatar, wato kwamfutar ofishinsu, ya sha zare mini wayar wuta don ya caja salularsa. To a PHP, yaren da na rubuta shafin da shi, akwai wurin da kake sa saƙon da zai fito in shafi ya kasa haɗuwa da baz, wato rumbun da bayanai ke ciki. Masu hankali suna rubuta "a yi haƙuri, a dawo anjima". Ni, don iya shege, na rubuta: "Bafillace ya sake taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Koma bayan shanunka!" Ni da abokai muka yi dariya, aka kai shafi sarwar, babbar na'urar da ke riƙe shi a intanet, na manta.

Shekaru suka wuce. Kamfanin da ke riƙe da shafin ya aiko cewa za su daina tsohon PHP su koma sabo. Na karanta, na taɓe baki. Sai wata safiya shafi ya zama fari fat, da layi guda yana cewa bai san wani abu mai suna mysql_connect ba. Sabon yaren ya jefar da tsohuwar hanyar shiga baz gaba ɗaya. Ga shi a satin nan wata Madam za ta zo daga wani furoje, shirin tallafi na Yamai, tana neman wanda za ta damƙa wa shafukan ƙungiyoyin Dogon Kiriya, Sukukutane har Tibiri. Aikin da nake mafarki kenan. Har na gaya wa matata ta fara ganina a kan sabon moto, babur ɗan yayi.

Abokin sana'ata Sani ya ce, "Ka koma sabuwar hanyar PDO a tsanake, kuma ka gwada a sarwar kafin su zo."

Na ce, "Kai Sani, je ka gyara firinta. Wannan aikin manya ne."

Na zauna na mai da komai wata hanyar daban, mysqli, na gwada a ordinatata, sai ga shanu da raƙuma sun fito reras. Na kwashe fayil-fayil duka na tura sarwar, har da wanda ke ɗauke da suna da modepas, kalmar sirri ta shiga baz. Na ordinatata fa, ba na sarwar ba! Rezo, layin intanet, na ja, na ce wa zai tsaya gwaji? Ɗan koyo ke gwaji.

Ranar taro na sha shadda mai sitaci. Zaure ya cika: dattawan ruga da sandunansu, mutanen meri, wato ofishin magajin gari, ga Madam a gaba tana fifita da takarda. Aka haska furojekta a bango. Na ɓata lokaci ina zuba Faransanci, ina kushe "masu karambanin da ke kiran kansu informatisiyan, wai masana kwamfuta, a garin nan" (ina satar kallon Sani). Sannan na buɗe shafin, na danna da yatsa ɗaya, cikin yanga.

Babu saniya ko ɗaya. Sarwar ta ƙi modepas ɗin, shafi ya yi abin da na koya masa. Kowane baƙi ya kai tafin hannu.

Yawancin dattawan ba su karatun boko, na ce Allah Ka rufa asiri. Ina! Madam ta gyara tabarau (nata na gaske ne) ta karanta da ƙarfi, a hankali, har "shanunka". Sai ta juyo ta ce, "Mushe (malam kenan da Faransanci), ni ma Bafillata ce. Da wa kake?"

Wayyo ni! Zufa ta jiƙa shaddar har sitacin ya saki. Na sake dannawa, zagin ya sake fitowa. Na ce birus ne, cutar nan ta kwamfuta. Sani daga baya ya ce, "Birus mai jin Hausa, Injiniya?"

Arɗo ya miƙe ya dogara sanda. Na ce yau ƙarshena ya zo.

Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, wanga Ba'are ne, namu ne. Ba shi da laifi. Ni dai kowa ya gani, hannuna na bisa sanda, ban taɓa komi ba. Doguwa, aljanar gidansu, ce ta hau na'urar. A samo mai goge ya yi mata kiɗi ta sauka."

Zaure ya ɓarke. Wani tsoho har hularsa ta faɗi. Madam ma ta yi dariya, amma irin wadda ake yi ana rufe jaka. Gyaran bai fi shan shayi ɗaya ba, na mai da modepas na gaskiya, shanu suka fito. Lokacin babu mai kallon bango, kowa ni yake kallo.

Aikin dai Sani aka ba, mai gyaran firinta. Yana wuce ni a kan moto yana danna oda. Ni kuwa Arɗo bai kore ni ba, ya ce ina zai samu abin dariya irina. Duk ranar kasuwa sai wani Bafillace da ban taɓa gani ba ya tare ni ya ce, "Injiniya, ina shanunka?"

Yanzu ko waƙafi na canja sai na gwada a sarwar. Saƙon kuma na sauya shi. In kun taɓa buɗe shafin ya ƙi, za ku ga an rubuta: "A yi haƙuri. Ba'are ne ya taɓa."