Rasuwar Yo-yon Malama da Binciken Gawarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, Malama, tsohuwar malamar kimiyya ta gidan da ke kallon famfon unguwa, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar yo-yonta na katako, wanda ya rabu gida biyu ranar Talata da hantsi, mako biyu da suka wuce, a tsakar ɗakinta, yana da shekara arba'in da uku.

Ta so ta yi makokinta shiru. Sai dai tun gawa ba ta huce ba magana ta zaga gidaje cewa ba ajali ba ne, shisshigin tsohuwa ne: wai hannunta ya fara rawa, ta ɗauki samfefa, takardar goge katako, ta cinye sandar tsakiyarsa har ta karye. Babban ɗanta, mai kantin magani, ya ɗora da cewa wadda ta kashe abin wasa yau, gobe yatsa za ta yanke, don haka a ba shi makullin akwatin kayan aikinta ya adana mata. Malama ta amsa a gaban kowa cewa in aka tabbatar rawar hannu ce, da ƙafarta za ta kai masa makullin har kanti. In ba a tabbatar ba, shi ya adana bakinsa.

Ga wanda bai san marigayi ba: faifai biyu ne na katako, 'yar sanda mai kaurin fensir ta haɗa su, zare ya rungumi sandar. Ba shi da boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan masu sauƙaƙa juyi, irin na 'yan zamani, sandarsa ba ta motsi, shi ne yake juyawa cikin madaukin zaren. Kafintan makaranta ya sassaƙa shi don darasin gogayya, ya shiga aji fiye da wasu malamai masu ɗaukar albashi. Mai biyayya ne. In an jefa shi ya sauka da fiiir, ya tsaya a ƙarshen zare yana juyi, abin da masu wasan ke kira barci, da an ɗan fizga kuma ya dawo tafin hannu, tas. Bai taɓa neman batir ba. Bai taɓa cewa shekarunta sun ja ba.

Aibinsa ɗaya, kuma ba za a ɓoye shi don ya mutu ba: barcinsa gajere ne. Sakan tara, ya farka. Masu iya magana suka ce haka Allah ya yi mai sandar katako, a bar shi. Malama ta daɗe da sanin cewa "haka ake yi" ba hujja ba ce, gajiya ce. Ta warware murɗin zare in ya yi tauri, ta ƙara masa in ya saki. Ta shafa wa madauki kakin kyandir. Ta buɗe tsakanin faifan da siraran washa na kwali, ya daina cafke zare ba a kira shi ba. Barci ya kai sakan goma sha biyar, ya tsaya nan. Daga nan ne ta ɗauko samfefa, don sanda in ta sirance gogayya ta ragu.

Cikin jinyarsa ta ƙarshe akwai abin da masu tsegumi suka tsallake. Ranar da Malama ta je gwajin ido, ƙanenta bakanike ya zo gaisuwa, ya ji marigayi yana ɗan kuka, ƙiii, ya ɗiga masa man inji. A wurin bakanike duk abin da ya yi ƙara mai yake nema, ko jariri ne. Malama ba ta musun cewa ta so laifin ya faɗa kansa. Amma so ba ya zama shaida.

Don haka ta sa kafintan bakin titi ya yi mata 'yan uku, kwafin marigayi, kowanne da sanda mai milimita shida kamar ta asali. Na farko ta bar shi yadda ya zo. Na biyu ta shayar da shi man ƙanenta. Na uku ta goge sandarsa da hannunta zuwa milimita huɗu, kamar yadda ta yi wa marigayi. Maƙwabciyarta tela ta riƙe agogo da littafi, tana mitar an hana ta ɗinki saboda aikin yara. Jifa ɗari kowace safiya, kwana goma. Na farko ya yi ta barcinsa na sakan tara, lafiya lau. Mai shan mai ya sauka ya ƙi dawowa, kamar guga a rijiyar da ba kowa, amma ko tsagewa bai yi ba. An wanke bakanike daga kisa, ba a wanke shi daga wauta ba.

Sannan aka kira mai kantin magani, aka miƙa masa ma'aunin kauri da guntayen sandar marigayi, aka ce ya sa tabaraunsa ya auna wuri takwas, ya karanta da ƙarfi yadda tela za ta ji. Huɗu, huɗu, huɗu, har takwas ɗin. Hannun da ke rawa tudu da kwari yake bari. Malama ta ce masa shi da yake zubar da rabin maganin tari wajen auna cokali ɗaya, ya gwada goge sanda haka ta gani. Ya ce Umma ai shi ma kulawa ce. Ta ce ta gode, makulli yana nan inda yake.

Marigayi ya bar zaruruwa goma sha ɗaya da ba su taɓa shiga hannu ba, da rabin kyandir, da kanta a yatsan tsakiyar Malama, da ɗalibai masu yawa, wasunsu har da furfura.

Za a kwantar da shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu, cikin tsohon gidan tabarau, a aljihun tebur na sama, faifan biyu suna fuskantar juna. Ana karɓar gaisuwa a falo har ƙarfe shida. Kada a zo da na roba mai boris da sunan maye gurbi, za a mayar wa mutum da abinsa a bakin ƙofa. Bakanike ya zo, amma ya bar gwangwaninsa a gareji.

Za a karanta sakamakon na uku a wurin, ga shi kuma ga waɗanda ba za su samu zuwa ba. Ya karye a rana ta tara, daidai inda marigayi ya karye. Gugar Malama ce ta kashe yo-yon. Ta rage sandarsa daga shida zuwa huɗu da saninta. A jifansa na ƙarshe marigayi ya yi barcin sakan talatin da takwas.