Ruwan Randata a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tona wa kaina asiri da bakina ba. Wasu ɗaliban jami'a ne suka shirya wa yara ranar kimiyya a wata firamare da ke Lamisula, kyauta, iyaye ma su zo. Suka ce kowane gida ya kawo ruwan shansa a 'yar kwalba.

Ni kuwa a layinmu an san ni da baki a kan tsafta. Randata turararriya ce da kajiji, ruwanta har ƙamshi yake (na sha gaya wa maƙwabciyata Ya Falmata cewa nata warin jarka yake). 'Yata Bintu mai shekara shida ta ɗebo, na yafa lafaya muka tafi.

Gaskiya ɗaliban nan sun burge ni. Yara na taɓa komai, ba mai yi musu tsawa. Wata a cikinsu, Yagana, durƙusawa take daidai tsayin yaro, ta amsa tambaya ɗaya sau biyar ba ta ɓata rai ba. Ita ke riƙe da madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani.

Aka ɗiga ruwan Ya Falmata, ba a ga abin kirki ba. Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya: "A duba namu, yara su ga bambanci."

Aka ɗiga namu, Bintu ta kafa ido a madubin, ta daka tsalle. "Mama, akwai masu rai! Ga wani yana gudu!"

Yara suka yi layi. Ya Falmata ma ta leƙa, ta daɗe, sannan ta ce, "Maman Bintu, su ma ƙamshin ne ya kira su."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Yagana ce ta cece ni. Ta sa yara suka tafa wa Bintu don ita ta kawo darasin ranar, sannan ta matso ta tambaye ni a hankali, "Anti, yaushe rabon da a wanke randar?"

Tun kafin azumi. Ƙara ruwa kawai nake yi, don kada ƙamshin ya tafi.

Yanzu duk Juma'a sai na goge ta tas, Bintu na tsaye a kaina kamar ma'aikaciyar duba-gari. Na kuma koyi cewa kafin in ce jama'a su zo su duba nawa, in fara leƙawa ni kaɗai.