Rasuwar Iyafis Ɗin Safiyanu Mai Gadin Shinkafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka zama marayu, Safiyanu Auta na Haɗeja yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar farin iyafis ɗinsa, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya yi damina uku yana raka Safiyanu korar tsuntsaye a gonar surukinsa, Malam Bunu, can tsallaken kogi. Bukka ɗaya ce a gonar, kwalekwale kuma ba ya dawowa sai la'asar. Malam Bunu dattijon kirki ne, sai dai in ya buɗe baki da hantsi, salla kaɗai ke rufe shi. Suruki kuwa ba a katse shi, ba a tashi a bar shi. Marigayin ne mafitar Safiyanu. Da an cusa shi a kunne, sai dattijo ya ɗauka karatu ake saurare, ya yi shiru.

Ciwon ya faro daga wuya, daidai inda igiya ta haɗu da bakin da ake sokawa a waya. Kunnen hagu ya riƙa ɗaukewa, yana "ƙirr, ƙirr", sai an lanƙwasa an danne da yatsa. An ɗaure da zare, an naɗe da salatif. Daga bisani aka garzaya da shi wurin Ja'afar mai gyara, ya yanke wuyan, ya babbake bakin siraran wayoyin nan uku da ashana, ya liƙe da dalma. Ya farfaɗo kwana biyu, ya ce "shhh", shi ke nan.

Safiyanu ya ɓoye mutuwar. Mako biyu yana sanye da gawa a kunne, yana gyaɗa kai kamar karatu na ratsa shi. Ranar Juma'a sai Ja'afar, uban surutu, ya tare Malam Bunu ya yi masa ta'aziyya. Dattijo bai yi fushi ba, tausayi ya ji. Ya hana a sayi sabo, wai yana raye yaron nan ba zai sake zaman kaɗaici ba.

Marigayin ya bar waya ɗaya, da robar kunne guda, da mai shi, wanda ya shiga uku.

Za a binne shi gobe da hantsi a bayan bukka. Zaman makoki daga safe zuwa la'asar, kullum, har a yanke shinkafa, saura kwana arba'in da ɗaya. Safiyanu yana roƙon masu zuwa gaisuwa, don girman Allah, kada su zauna kusa da shi. Su zauna kusa da Malam Bunu, su yi masa tambaya, kowace iri ce.