Tebur Ɗaya da Surukina a Tsakiyar Teku

Ba zan taɓa mantawa da kwana huɗun da na yi a jirgin ruwa tare da surukina ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara biyu ke nan, kuma in ban da matata, ku ne na farko da za ku ji labarin daga bakina.

Baba Alhaji muke ce masa. Manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Tsanyawa, mutum mai ƙarancin magana, irin wanda in ya ce maka "to" sai ka wuni kana tunanin wace irin "to" ce. A lokacin, shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa Binta, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba. Ko goro ban taɓa ɓarawa a gabansa ba. In na je gaisuwa aka kawo fura, ko dai shi ya tashi ya ce zai leƙa gona, ko ni in ce ina azumi (azumin Litinin da na yi ranar Laraba ba ya ƙirguwa). Haka muka taso muka tarar, ba a ci a gaban suruki, kuma ni na riƙe abin da hannu biyu. A duk cikin surukan gidan, da ni ake ba da misali, kuma ba na ɓoye muku, abin yana fasa mini kai.

Babban ɗansa, Yaya Dakta, likita ne a Jidda. Wata shekara, bayan an gama shigar da gero rumbu, ya aiko cewa a kai masa Baba ya yi Umara, daga nan kuma ya sa shi a irin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda ake ci a sha a kwana a kan teku. Baba ya tambaya ina jirgin zai kai shi, aka ce masa zagayawa kawai zai yi ya dawo inda ya tashi. Ya ce to. Shi Dakta aiki ba zai bar shi ya shiga jirgin ba, Binta tana jego, saboda haka rakiya ta faɗo a kaina, ni malamin makaranta mai jin Turanci.

Dakta ya ja mini kunne cewa kada in ce zan shirya komai da kaina a waya, in je wurin ejan mai shirya tafiye-tafiye a Kano. Na hau bas na je. Zan yi wa ejan ɗin nan adalci, domin ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla: abinci yana cikin tikiti, ci nawa ka ga dama. Jirgin daga Jidda yake tashi, duk namansa yankan Musulmi ne. Ya tambaye ni ko tsohon yana da wata lalura, na ce ciwon suga, ya rubuta. Ya ce wurin cin abinci biyu ne, akwai na ƙasa inda ake ba mutum teburinsa na dindindin, akwai kuma na can sama inda kowa yake ɗiba da kansa duk lokacin da ya so. Duk wannan bayanin ina gyaɗa kai ne kawai, hankalina yana kan hoton jirgin da ke bango, ina neman yadda zan ɗauki kaina da shi in tura wa malaman makarantarmu.

Sai da ya zo maganar ɗaki na farka. Na ce ɗaki biyu, babu yadda za a yi in kwana ɗaki ɗaya da surukina. Ya rubuta. Sannan ya ce, tebur fa, ɗaya zai haɗa mu? Na ce e mana, da muryar wanda ya saba shiga jiragen ruwa (ruwa mafi girma da na taɓa gani a lokacin shi ne dam ɗin da muke wucewa a hanyar Bici).

Ana jibi za mu tashi, na je ƙauyen sallama. Bayan la'asar dattawa suka taru a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka sa ni a tsakiya. Wani daga cikinsu ya tambaya ko gaskiya ne a irin jiragen nan ana dafa alade, ana kuma zuba giya a miya. To, amsar tana aljihuna, ejan ya ba ni ita. Amma gaskiyar ba ta da armashi, domin in komai halal ne, mene ne amfanina a tafiyar? Sai na gyara zama na ce abin sai mai ido, sai wanda ya iya karanta takardar abincinsu. Na juya wajen Baba, kaina a ƙasa kamar yadda ya dace, na ce, "Baba, kada ku damu. Ku dai dinga kallon hannuna. Abin da kuka ga ban taɓa ba, kada ku taɓa."

Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Baba ya ce to.

Umara ta tafi lafiya. A Makka ba a sami matsala ba, domin ni nake sayo abinci in kai masa ɗakinsa, in koma nawa in ci. Ranar da muka shiga jirgin, Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon teku, sannan ya tambaye ni ko ana noman rani da shi. Na ce ruwan gishiri ne. Ya girgiza kai ya ce asara.

Da lokacin abincin rana ya yi, aka duba katinmu aka raka mu har teburinmu. Ɗan ƙaramin tebur ne mai farin ƙyalle, kujera biyu suna fuskantar juna, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba. A nan na tuna tambayar ejan. Mai kawo abinci ya zo da fara'arsa ya jere mana gasasshen naman rago da shinkafa mai ƙamshi, da wani kifi da ya kusa kai tsawon damtsena. Yawuna ya tsinke. Na ɗaga ido, sai ga Baba yana kallona. Na tura farantin gefe a hankali na ce alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Baba ya kalli farantina, ya kalli nasa, shi ma ya tura. Ya sha ruwan shayi, ya zaro dabino biyu daga aljihu ya ci, ya haɗiye ƙwayar maganinsa.

Ni kuwa, da ilimina da komai, sai na yanke hukuncin cewa tsoho bai saba da irin abincin ba ne, tuwo yake so. Maganar da na yi a ƙofar gidansa ko kaɗan ba ta faɗo mini a rai ba. Na faɗe ta ne don dattawa su ji, ban taɓa zaton akwai wanda zai yi aiki da ita ba.

Haka aka yi da yamma. Haka aka yi washegari da safe. Mai kawo abincin nan ya kawo, ya kwashe, ya kawo, ya kwashe, har fara'arsa ta fara raguwa. Ya tambaye ni ko akwai abin da ba mu so, na ce masa komai ya yi kyau. Muna zaune, manya biyu da manyan riguna, muna fuskantar juna a kan abinci kamar masu zaman makoki.

A rana ta biyu yunwa ta buɗe mini ƙwaƙwalwa, na tuna ejan ya ce akwai wani wuri a sama. Na shiga lifta na je. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Layi ne na tukwane daga nan har can, babu mai tambayarka, babu mai kallonka, babu suruki. Daga nan na tsara rayuwata: in zauna da Baba a ƙasa da fuskar mai azumi, in an kwashe faranti in ce zan je in duba takardunmu, in haye sama in yi abin da ya kawo ni. Sau ɗaya dai na tambaye shi ko in kawo masa wani abu ɗaki. Ya ce ni me na ci? Na ce ai ni ba na jin yunwa. Ya ce to shi ma haka.

A rana ta uku da asuba na ga ya yi salla a zaune. Da ya ɗauki kofin shayi hannunsa yana rawa. Na ce masa motsin jirgi ne, kowa haka yake ji (ni ban ji komai ba, cikina a cike yake). Mutumin da yake wuni a gona da garma, ga shi yana dafa bango kafin ya miƙe, ni kuma ina ba shi bayanin kimiyya.

Bayan azahar muka yi zaman teburinmu kamar kullum, na raka shi ƙofar ɗakinsa, na tafi duba takardu. Ranar an yi kaza. Na cika faranti biyu, na sami lungu kusa da taga, na cire hula na ajiye a kan tebur, na naɗe hannun riga, na ture cokali mai yatsu gefe. Abin da ban sani ba shi ne, Baba ya sake fitowa shan iska, jiri ya kwashe shi a hanya ya zauna a ƙasa, wani ma'aikacin jirgi ya duba katinsa ya ga an rubuta ciwon suga, ya riƙo hannunsa zuwa wurin abinci mafi kusa.

Ina riƙe da cinyar kaza da hannu biyu, rabinta a bakina, maiƙo har haɓa, sai inuwa ta rufe farantina. Na ɗaga kai.

Baba ya kalli hular, ya kalli faranti na farko, ya kalli na biyu, ya kalli tarin ƙasusuwan da na jera a gefe. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Malam," ya ce, "ashe ya halatta?"

Amsa tana buƙatar baki, bakina kuwa ba nawa ba ne a lokacin. Na rasa ko in tauna ko in tofar. Na haɗiye loma ɗungurungum, har hawaye suka fito mini.

"Baba, duk halal ne. Tun a Kano ejan ya faɗa mini."

"Har na ƙasa?"

"Har na ƙasa, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Kwana uku ina kallon hannunka."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni, kuma ba kunyar kazar ba ce. Tsoho ne mai lalura, ɗansa ya aiko shi ya huta sau ɗaya a rayuwarsa, ya ɗauki maganata da muhimmanci fiye da yadda ni na ɗauke ta, ya zauna da dabino da ruwan shayi yana tsare addininsa, ni kuma ina sama ina tsare mutuncina da faranti biyu. Da wani abu ya same shi a ranar, ban san da wane baki zan kalli Binta ba.

Na miƙe zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in ɗebo masa irin nawa, ban da zaƙi. Na je na ɗebo. Da na dawo, sai na tarar ya ja kujera ya juya ta, ta ba tawa baya, tana fuskantar taga. Ya karɓi farantin ya ɗora a cinyarsa, ya yi bismilla.

"Zauna ka ƙarasa, Malam. Ni teku nake kallo."

Haka muka ci, baya da baya, ina jin ƙarar cokalinsa yana jin tawa taunar. Ya ƙara sau biyu. Sauran kwana ɗayan ma haka muka yi, sau uku a rana, mutane suna wucewa suna kallonmu, ƙila suna zaton faɗa muka yi. Teburinmu na ƙasa ba mu sake leƙa shi ba.

Da muka dawo gida, dattawa suka taru jin labari. Na zauna a gefen tabarma ina jiran a yanka ni. Aka tambayi Baba yaya abincin jirgi, ya ce da yawa. Aka tambaye shi yaya rakiya, ya ce Malam ya yi ƙoƙari. Daga nan ya koma maganar farashin taki. Binta kuwa da na gaya mata, ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma da na zo kan kwana ukun sai dariyar ta tsaya, ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta ce mini in ci ba.

Saboda haka, duk wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ya je wurin ejan, kuma in ejan yana magana ya saurare shi da kunne, ya bar gyaɗa kai. In da suruki za a tafi, a nemi tebur biyu tun daga Kano. Ni dai na rage wa kunyata ƙarfi, tun da na ga tana iya kwantar da wani ba ni ba. Har yau ban kai ga ci a gaban Baba ba, amma a bayansa kam na ƙware.