Ƙwaryar Goron Tanimu Direba

Wannan ba ji na yi ba, ina cikin motar aka yi komai. Kuma in za a faɗi gaskiya ni na haddasa fitinar, da bakin nan nawa da ba ya iya riƙe magana.

Ina da wani maƙwabci a kasuwa a nan Bauchi, Alhaji Gidado, mai sayar da injinan ban-ruwa. Duk mako biyu yakan tafi Kano saro kaya, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan direba ɗaya ne ke kai shi, wani bawan Allah wai shi Tanimu. Shi Alhaji Allah ya yi masa wata baiwa. Da zarar mota ta bar gari ya karanta addu'ar tafiya, sai ya turo hula ta rufe masa fuska, ba ka ƙara jin ɗuriyarsa sai hayaniyar Kano ta tashe shi. Don haka a wurinsa duk duniya babu direba kamar Tanimu, tunda bai taɓa ganin tuƙinsa ba.

Ni kuwa na gani. Wata rana na roƙi a rage mini hanya, aka ba ni kujerar gaba. Ba mu kai Ningi ba na lura kan Tanimu yana sauka yana tashi, ido a lumshe, hannu a kan sitiyari, mota na ta tafiya abinta. Abin da ya ɗaure mini kai, in an zo kwana sai hannun nan ya karya da kansa, in an zo rami ya kauce. Na taɓa shi na ce, "Tanimu, barci kake yi?"

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Haba Malam Hashimu! Mutanen hanya ne ke gaishe ni, nake amsawa."

A dajin da ko akuya babu. Ranar nan na karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, har da wanda na manta ya dawo mini.

Da muka dawo na kasa haƙuri, na faɗa wa Alhaji. Alhaji ya kira shi gaban shago ya titsiye shi. Tanimu ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji, wai shi tunda ya fara riƙe sitiyari barci bai taɓa kusantarsa ba. Alhaji ya ce, "To, shi ke nan. Ranar Laraba za mu Kano. Ni da kaina zan zauna a gaba ido biyu, Malam Hashimu yana baya a matsayin shaida. In na ga ka gyangyaɗa ko sau ɗaya ne, a nan inda muke za ka miƙo mini makullin motata, ka nemi motar haya ka koma gida."

Tanimu fa 'ya'yansa bakwai, kuma makullin nan shi ne tuwonsu. Ni so na yi a ja masa kunne, ban ce a raba shi da aiki ba. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Da can Tanimu yakan ɗirki lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari, uku-uku a tafiya ɗaya, har likita ya ce in bai daina ba hawan jini zai kwantar da shi. Tunda wannan ƙofa ta rufe, sai ya nemi ƙanwarsa Lantana, ma'aikaciyar jinya ce a Gombe, ya ce ta taimake shi da haɗin gida wanda ba ya cutarwa. Aka yi rashin sa'a tana gidan suna, mata na ta kiɗan ƙwarya da guɗa a bayanta, a haka ta turo masa saƙon murya.

Abin da ta ce shi ne: "Yaya, ka rabu da na gwangwanin nan. Ka sami ɗanyar citta, da ganyen shayi cokali ɗaya, da ɗan kanumfari, da goro ƙwara ɗaya. Ka daka, ka tafasa, ka tace. Ka matsa lemun tsami, ka sa zuma maimakon suga. Kofi ɗaya ya ishe ka har Kano."

Ita ƙwara ta ce. Shi kuwa ƙwarya ya ji. Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai, ya kawo mini wayar ya kunna har sau uku, ni ma ƙwarya na ji. Na ce masa, "Anya Tanimu? Ƙwarya fa goro ɗari ke nan."

Ya ce, "Ai ƙanwata ce, ta san irin barcin gidanmu."

Na raka shi wajen mai goro, don ina ganin ko da rakiya na rage zunubi. Wani dattijo ne mai ɗan gemu, yana zaune yana yayyafa wa goronsa ruwa. Tanimu ya ce a ba shi ƙwarya guda.

Dattijo ya washe baki. "Masha Allah! Suna ne ko ɗaurin aure?"

"Tafiya ce, Baba."

"Makka?"

"Kano."

"Ku nawa?"

"Ni kaɗai."

Dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ƙirgo masa ɗari cif ya naɗe a ganye, sannan ya ce, "To, Allah ya sa in ka je Kanon ka iya tsayawa."

Turmi ya kasa aikin, sai da aka kai inji aka markaɗa. Sauran kayan kuwa bai ƙara ko ƙwayar zarra a kan yadda aka ce ba, don shi mutum ne mai bin umarnin ma'aikatan lafiya: shayi cokali ɗaya, citta ɗan yanki, goro ɗari. Ya zuba a tukunyar da matarsa ke dafa abincin sallah, ya yi ta hura wuta har ruwan ya tsotse ya koma cikin fulas biyu. Abin ya yi kauri kamar kunu, launinsa kuwa ja-ja, baƙi-baƙi, ba ka ce ga inda ya dosa ba. Zumar da ya sa ta shiga ta ɓace, har yau ba a ji labarinta ba.

Ranar Laraba da hantsi muka hallara a ƙofar gidan Alhaji. Kafin a tayar da mota Tanimu ya tsiyaya a marfin fulas, ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe."

Kowa ya san bismillar direba ga maigidansa ladabi ce kawai, amsarta alhamdu lillahi, kowa ya kama gabansa. Amma Alhaji tun daga zama a kujera idonsa ya fara nauyi, ga shi ya riga ya cika baki a gaban mutane. Sai kawai ya miƙo hannu. Ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, gemunsa ya miƙe.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Haɗin gida ne, ranka ya daɗe. Babu suga, babu sinadarin Bature. Mai lafiya ne."

"Lalle zai yi lafiya," in ji Alhaji, "tunda babu ɗigon daɗi a cikinsa."

Ya shanye, ya ce a ƙaro. Shi ya sha marfi biyu, ni na sha ɗaya don kada a ce shaida ta yi barci, Tanimu ya sha uku ya lashe baki.

Ba mu yi nisa da gari ba na ji kunnuwana sun buɗe, har ina jin numfashin kaina. Ƙafata ta kama rawa ita kaɗai, na danne ta da hannu, ɗayar ta karɓa. Alhaji ya cire hula ya ajiye a cinya, abin da ban taɓa gani ba, ya fara ba mu tarihin kakansa tun daga ranar da aka yi masa kaciya. Tanimu kuwa ya ƙura wa titi ido kamar mujiya. Na zuba masa ido na tsawon lokaci ina jiran ya ƙifta, sai ni ne na gaji.

Alhaji dai ya zama baƙo a hanyarsa. Komai ya gani sai ya yi tambaya. Ya ga duwatsu ya ce a tsaya ya duba, ya ga garken shanu ya ɗaga musu hannu. Muka wuce wani gidan mai ya ce, "Ikon Allah! Tanimu, yaushe aka gina wannan?"

Tanimu ya ɗan saci kallon wurin ya ce, "Cikin satin nan ne, ranka ya daɗe."

Gidan man da fentinsa ya gama ɓarewa, har bishiya ta tsiro a jikin katangarsa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna abin da bakin ya riga ya jawo, na mayar na rufe.

Mun wuce Ningi da nisa sai wayar Tanimu ta yi ƙara. Lantana ce. Alhaji ya ɗauka ya buɗe muryar don kowa ya ji.

"Yaya, ya hanya? Haɗin ya yi aiki?"

Tanimu ya ce, "Aiki kai! Allah ya yi miki albarka. Sai dai goron ya ba ni wahala, sai da na kai inji."

"Inji? Goro ɗaya ne sai an kai inji?"

"Wane irin ɗaya? Ba ƙwarya kika ce ba?"

Can sai muka ji salati. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, ƙwara na ce! Ƙwara! Guda ɗaya tal! Nawa ka sha?"

"Marfi uku."

"Na shiga uku! Ku tsaya ku sha ruwa da yawa, kada wanda ya ƙara ko kurɓi!"

Alhaji ya matso da wayar bakinsa ya ce, "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Tunda aka haife ni ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba. Ke 'yar wace unguwa ce a Gombe? Ai kakana ya taɓa zama can." Daga nan ya ɗauko mata tarihin daga farko, tun daga kaciyar. Yarinyar nan tana "to Baba, to Baba," tana neman hanyar sallama, babu.

Ana cikin haka muka iso Kwanar Babaldu, inda mai zuwa Kano ke karyawa ya nufi Birnin Kudu. Daga baya ne na tuna Tanimu ya rage gudu a wurin, ya dubi nan, ya dubi can, ya yi ɗan jim, sannan ya karya kan mota da ƙarfin zuciya. A lokacin ban kula ba, don ni ma na duƙufa ina ƙirga ɗinkin kujerar da ke gabana, na kai ɗari huɗu da wani abu.

Da Lantana ta samu ta kuɓuta, Alhaji ya waiwayo ya dube ni. "Malam Hashimu, ka ji tsoron Allah. Ka yi wa bawan Allah ƙazafi. Tunda muka taso ina kallonsa, ko ƙiftawa bai yi ba."

Na ce, "Na tuba, Alhaji." Kuma wallahi ban taɓa jin daɗin zama maƙaryaci irin na ranar ba. Na hango Tanimu ta madubi yana murmushi, makulli ya tsira, tuwon yara ya tsira.

Muka yi ta tafiya. Muka yi ta tafiya. Birnin Kudu dai shiru. Garuruwan da muke wucewa ban san su ba, amma na ce ƙila haɗin ne ya sauya mini gani. Sai da tafiyar ta yi tafiya Alhaji ya ce a tsaya ya sayi ruwa, don harshensa ya bushe da surutu. Muka tsaya gaban wata mata mai tuyar awara a bakin titi.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Saura kamar yaya mu shiga Birnin Kudu?"

Matar ta ajiye matsami ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mutum uku idanu a warwaje. "Birnin Kudu? Ai kun ba ta baya tun tuni, Alhaji. Gwaram ma kun wuce ta."

"Kano fa za mu."

"Daga ina?"

"Daga Bauchi."

"To, in kuka ƙara ƙoƙari kaɗan kun kusa komawa."

Alhaji ya mayar da kansa cikin mota a hankali. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara mata zama. Ni dai na nutse a kujera, ƙafata na ta rawarta. Ya juya ya fuskanci Tanimu, ya shimfiɗa tafin hannu a tsakaninsu, daidai saitin makulli.

"Tanimu."

"Ranka ya daɗe."

"Barci dai ban ga ka yi ba, wannan na shaida. Amma ka faɗa mini. Shekara goma sha ɗaya kana bin hanyar nan, duk mako biyu, zuwa da dawowa. Yaya aka yi yau da rana tsaka ka ɓata?"

Tanimu ya dubi hannun, ya dubi titi da idanunsa da suka ƙi rufuwa, ya ce, "A yi mini uzuri, ranka ya daɗe. Ni da hanyar nan ba mu taɓa haɗuwa ido biyu ba sai yau."