Ranar da Na Kai wa Alhaji Kifinsa Har Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na tsayar da taron unguwarmu cak, ni kaɗai, kuma da kyakkyawar niyya. Har yau idan na ji ƙamshin bandar kifi sai in sunkuyar da kai, ko da babu kowa a ɗakin.

A unguwarmu a Haɗeja, idan ciwo mai tsanani ya kama yaro har ya fi ƙarfin iyayensa, ba a barin su su bi gida-gida suna neman taimako. Sai a sa rana, kowa ya kawo abin da yake da shi, shinkafa, albasa, tabarma, zakara, a yi gwanjonsu a filin firamare, abin da aka samu a miƙa wa iyayen. Na san da wannan tun ina ƙarama, amma sanin nesa. Ni 'yar ɗaki ce da littafi. Ranar gwanjo nakan ba Inna ɗan abin da nake da shi ta kai, in rufe ƙofa in ci gaba da karatu.

Ina shekara ta biyu a kwaleji abin ya faɗo kan Ummi, 'yar maƙwabtanmu mai shekara shida. Ciwon ƙoda ne. Fuskarta ta kumbura har idanunta suka ƙanƙance, likita ya ce a kai ta Kano kafin mako ya zagayo. Babanta kuwa facin taya yake yi a bakin kasuwa.

Sai ga Anti Saude, shugabar matan unguwa, har bakin ƙofar ɗakina.

"Malama, bana babu ɓuya. Ke za ki tsaya a teburin kaya." (Malama take ce mini don tsokana, wai na fi liman yawan littattafai.)

Na ce, "Anti, ban iya magana cikin mutane ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Bakin Ɗanlami sankira ya ishe mu. Ke dai duk abin da aka saya, ki tabbatar ya isa hannun mai shi."

Wannan jimla na rubuta ta a saman takarda, har na ja mata layi biyu. Na yanka 'yan ƙananan takardu, na tanadi zare da almakashi. Duk kayan da aka saya sai in ɗaure shi tsaf, in maƙala sunan mai shi, in miƙa masa ba tare da na ɗaga ido ba. Har Anti Saude ta yaba. Da ta san abin da ke tafe, da ta riƙe yabonta.

A tsakiyar tebur akwai wani kifi. Giwan ruwa ne da aka yi wa banda, ya yi ja ya yi sheƙi, tsawonsa ya fi hannuna. Kakan Ummi, Baffa Ado, masunci ne a Guri, shi ya kama shi, ya gyara shi da kansa, ya rungumo shi a mota tun da safe. Ya ajiye, ya koma gefe ya zauna.

Ga abin da ban sani ba, wanda ko yaron goye a unguwar ya sani. A kowane gwanjo akwai abu guda da ake kira uwar gwanjo. Ita ba a tafiya da ita. Mutum zai saya, ya biya, ya bar ta a nan, a sake sayar da ita ga wani, shi ma ya bari. Manyan unguwa ita suke zaman jira, don a nan ake gwada hannu, kuma daga nan mafi yawan taimakon ke fitowa. Babu wanda ya gaya mini, domin babu wanda ya taɓa zaton akwai mai rai da bai sani ba.

Dab da la'asar Ɗanlami ya ɗaga kifin, aka yi ta tayi, Alhaji Bukar mai shinkafa ya kayar da kowa. Ya zo ya biya, ya ɗan shafa kan kifin, sai aka kira salla. Maza suka nufi masallaci, mata suka shige azuzuwa.

Ni kuwa na dubi kifi, na dubi takardata mai layi biyu. Na ce a raina, Allah sarki, Alhaji ya manta kayansa, tsufa ya fara. Na naɗe kifin da takarda rufi uku, na ɗaure, na maƙala suna. Gidansa ba nisa, lungu biyu ne kawai daga makarantar. Na iske matarsa, Hajiya Falmata, a madafa, na durƙusa na ce, "Saƙon Alhaji ne." Ban ƙara ko kalma ba. Kuma (ku yafe mini) na miƙa mata biro ta sa hannu a kan ta karɓa.

Na biya gida na yi salla, na dawo ina tafiya irin ta wadda ta sauke amana.

Tun daga bakin ƙofar makaranta na ji muryar Ɗanlami a lasifika.

"Jama'a, wanda ya ɗauki kifin nan ya ji tsoron Allah. Kifin marar lafiya ne. Ko ka ci ba zai zauna maka a ciki ba."

Wasu na leƙa ƙarƙashin tebur. Wata tsohuwa ta rantse ta ga mage, aka ce mata wace irin mage ce za ta ɗauki giwan ruwa ta bar zakara. Anti Saude ta riƙo hannuna tana haki.

"Malama, ina kika shiga? An sace uwar gwanjo."

"Uwar me, Anti?"

Ta bayyana mini cikin jimla biyu.

Zan faɗi gaskiya: na yi tunanin yin shiru. Babu wanda ya gan ni, kuma wa zai zargi mai gilashi da biro? Amma sai na ga manyan mutane biyu sun miƙe suna gyara babbar riga, alamar tafiya. Na hango maman Ummi a ƙarshen benci, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idanunta a kan gurbin da kifin yake ɗazu. Idan waɗannan mutane suka watse, motar Kano ta watse.

Na ɗaga hannu kamar a aji.

Ɗanlami ya zo, maimakon ya kawo kunne sai ya kawo lasifika. Ni da ko malamaina sai sun ce in maimaita, sai ga muryata ta cika filin firamare.

"Na kai wa Alhaji gida."

Alhaji Bukar ya dafa ƙirji.

"Gidana? Ni Bukar?"

Ruɗewa ta sa na zaro takardar na ɗaga sama. "Ga sa hannun Hajiya."

A nan dariya ta ɓarke. Wani abokinsa ya ce, "Alhaji, ashe kai da gaske ka saya." Wani ya ce, "Shekara nawa yana bari, bana miya ta yi kira." Na so ƙasa ta tsage in shige, amma filin firamare siminti ne.

Anti Saude ta ja ni muka ruga. Muka tarar Hajiya Falmata ta riga ta karya kifin gutsure-gutsure, ta jiƙa shi a ruwan zafi. Da ta ji labari ta yi salati, sannan ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye.

"'Yar nan, da kin buɗe baki kin ce daga gwanjo, ai da na kore ki da shi. To, tunda ya shiga ruwa, sai ya koma a tukunya. Saude, miƙo mini attaruhu. Ke kuma Malama, ajiye biron ki yanka albasa."

Ɗanlami ya riƙe jama'a da tsokanar Alhaji, babu wanda ya iya tashi ya bar wannan. Kafin magariba muka shigo da ƙatuwar tukunyar farfesu, mutum biyu na riƙe da ita. Ɗanlami ya yanke mini hukunci nan take: ni zan riƙe ludayi.

Aka fara sayar da shi ludayi-ludayi. Alhaji Bukar ya sayi na farko da tsadar da ta wanke sunansa, abokansa suka ƙi yarda ya fi su. Sannan abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Matan da ba su taɓa tayin uwar gwanjo ba, da masu faci abokan baban Ummi, duk suka shiga layi, domin ludayi guda kowa zai iya. Ni kuwa kowane kwano sai da na tabbatar ya sami tsoka daidai da na ɗan'uwansa. Hali zanen dutse.

Baffa Ado ne ya zo ƙarshe. Ya kurɓi romon, ya dube ni.

"Jikata, na sha kawo kifi gwanjo, kullum kallonsa muke yi har ya koma hannun mai rabo. Yau dai kin sa na ɗanɗana abina."

Ranar Litinin aka tafi da Ummi Kano. Ta daɗe a can, kuma har yanzu tana komawa ganin likita, amma idanunta sun buɗe, ta koma makaranta. Ba ta san sunana ba. Anti Mai Kifi take ce mini.

Abin da na koya shi ne, abin da kowa ya sani ba a rubuta shi a littafi, sai ka fito cikin mutane ka tambaya. Yanzu ba na fashin gwanjo, kuma har yau ni ce a teburin kaya. Sai dai da zarar Ɗanlami ya hango ni daga nesa, sai ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a, a dafe kifi, Malama ta iso."